Ina zan nufa da wayata a wannan kakar?

Aminu Gaya: Salamu alaikum jama'ar zaure. Na samu hutun kwana huɗu, Yaya kuma ya bar mini babur ɗinsa. Ina so in fita ɗaukar hotunan duwatsu da ruwa da gonaki kafin a gama girbi. Waya ce kawai a hannuna. Ina zan fara?

Maman Hanifa: Wa alaikumus salam. Dam ɗin Tiga mana, Aminu.

Na Rano: Tiga kam, amma ka zo ka kwana wurinmu. Ana idar da asuba ka kama hanyar Rurum, ka samu duwatsun rana na fitowa, sannan ka gangara bakin dam lokacin masunta na dawowa da kwale-kwale. In hantsi ya ɗaga ruwan fari fat yake fita a hoto, ba ka ganin komai.

Habu Birnin Kudu: Ku kullum Tiga. Dam ɗin da aka gama a 1974, zamanin Audu Bako? Ya zo ya ga abin da ya girmi kakannin kakanninmu. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa nan Birnin Kudu akwai zanen shanu masu dogayen ƙahoni, marasa tozo, ga duwatsun da in ka ƙwanƙwasa suke amsawa kamar ƙarfe. Ka kashe filasha kawai, kuma don Allah kada ka watsa wa zanen ruwa wai don ya fito, yara na yin haka suna ɓata shi.

Na Rano: To a sha zanen in ƙishi ya zo.

Habu Birnin Kudu: Ruwan naku ai ta Haɗeja yake ƙarewa, mu muke sha.

Malam Idi: Aminu, bar su da gardamarsu ka saurare ni. Bara kamar yanzu ina dawowa daga wajen Haɗeja da la'asar sakaliya, sai na hangi mata a gefen wani ƙauye suna sussukar gero a gindin kuka. Wata ta ɗaga ƙwarya tana sheƙa, iska na kwashe ƙaiƙayin, rana ta bi ta cikinsa ya koma ja kamar garwashi. Wallahi ban taɓa ganin haske irin wannan ba. Na tsaya a kan babur na ɗauka sau biyar, ko sallama ban yi ba. Kafin in mayar da wayar aljihu wani saurayi ya riƙe kan babur, ya zare makulli. Nan da nan mutane suka taru, aka tasa ni gaba sai ƙofar gidan mai unguwa. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa, sannan ya ce: matan aure ne waɗannan, in da matarka ce baƙo ya tsaya yana ɗauka fa? Ya ce kuma an sha zuwa a ɗauki hotonsu a tafi neman tallafi da shi, su ba su ga ko ƙwaya ba. Ban da amsa, don gaskiyarsa ce. Har aka yi magariba ina wurin. Saurayin nan kuwa bai yarda a zaɓi guda biyar ɗin ba, duk hotunan ranar ya goge, har da na masunta da na yi sammako na shiga taɓo har gwiwa na ɗauka. Har yau in na tuna raina na sosuwa. Yanzu duk garin da na shiga, ƙofar mai unguwa nake fara tsayawa, in gaishe shi, in faɗi abin da ya kawo ni. Yawanci yaro yake haɗa ni da shi, yaron ma ya fi ni sanin inda ake hawa a hango gari duka. In na ɗauki mutum sai na nuna masa.

Maman Hanifa: Allah ya kiyaye gaba, Malam. Ni ma da ina cikinsu ba zan ji daɗi ba.

Aminu Gaya: Na gode Malam, na riƙe. Fadamar Baturiya fa? An ce akwai tsuntsaye.

Ɗan Kirikasamma: Ka yi wuri. Baƙin tsuntsayen daga Turai suke zuwa, sai sanyi ya kankama, wajen Disamba zuwa Fabrairu. Yanzu hanya ma ruwa bai gama janyewa ba. Kuma da waya ɗigo-ɗigo za su fito maka, in ka ja zum hoton ya dagule. Gara ka ɗauki faɗin fadamar da mai kwale-kwale a gaba.

Sadiya: Ka riƙe ƙyalle mai laushi na goge gilashin kyamara, ƙura ce ke sa hoto ya yi dishi-dishi. Da fawa banki. Ka yi sauri kuma kafin hazo ya sauko.

Baba Alhaji: Ɗana, shingen jami'an tsaro da bariki, wayarka ta zauna a aljihu. Dajin Falgore kuma kada ka shiga kai kaɗai.

Habu Birnin Kudu: In hutun ya haɗa da Alhamis, kasuwar Maigatari. Raƙuma daga Nijar, ga shanu iya ganinka.

Na Rano: Wudil na nan gefensa ranar Juma'a, me zai kai shi bakin boda?

Sadiya: Wai nawa buhun shanshera a Kura wannan satin?

Maman Hanifa: Aminu in ka bi ta Dutse ka riƙo mini dabino, ɗanye nake so ba busasshe ba.

Ɗan Kirikasamma: Yaya, ɗanye ai sai da bazara.

Aminu Gaya: To yanzu Tiga ko Birnin Kudu?

Malam Idi: Tayar bayan babur ɗin nan an canza ta kuwa? Ranar da na ga yayanka a kai ta suɗe.