Ta ina zan fara yi wa aminiyata bayani?

Jama'a, shawara nake nema. Bara ciwon damuwa ya kayar da ni. Barci ya ƙaurace mini, waya tana ƙara ina kallonta har ta tsinke. Likita ya ɗora ni a kan magani, ya ce sai mako 4 zuwa 6 kafin in fara jin sauƙi, kuma kada in daina shi kwatsam. Alhamdulillahi, yanzu na dawo hayyacina.

Inda na maƙale shi ne aminiyata. Saƙonninta 14 suna nan ban buɗe ba. Kullum in rubuta "ki yi haƙuri", in goge. Tsorona kada ta ce "ai kowa yana da damuwa".

Waɗanda suka taɓa shiga irin wannan, yaya kuka yi? In faɗa mata gaskiyar ciwon, ko in gaishe ta kawai tukuna?