Jarabawar shiga aikin ɗan sanda: da an kunna agogo sai kaina ya ɗauke wuta

Sadiƙu:
Salamu alaikum jama'a. Ina shirin jarabawar shiga aikin ɗan sanda. Gudu da motsa jiki ba su dame ni ba, ta rubutu ce matsalar. In ni kaɗai ne ina bin tsofaffin tambayoyi, lissafi ma tafiya yake sumul. Amma ranar da abokina ya ajiye waya a gabana ya ce ga lokaci ya fara, tafin hannuna ya jiƙe sharkaf, na yi ta maimaita tambaya ɗaya ban gane me take nema ba. Ga kuma gwajin hali da ake cewa ana yi. Don Allah yaya zan yi?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam ƙanena. Karatun yana nan, fargaba ce ke cinye wurin da ƙwaƙwalwa ke riƙe lissafi tana juya shi. A 2011 masana Ramirez da Beilock sun wallafa bincike a mujallar Science: ɗaliban da suka yi minti 10 suna rubuta abin da ke damunsu daf da jarabawa sun ƙara maki, musamman masu yawan tsoro. Gwada hakan. Kuma daga yau kada ka sake amsa tambaya ba agogo. Masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya nuna babu abin da ke gina yarda da kai kamar mutum ya ga ya yi abu da hannunsa ya ci. "Za ka iya" ta mutane tana baya.

Baba Kofur mai ritaya:
Yaro, batun gwajin hali, kada ka mai da kanka waliyyi. Irin gwajin hali na MMPI da ake yi wa masu neman aikin a Amurka yana da tambayoyin kama mai kwalliyar ƙarya. Ka ce ba ka taɓa fushi ba, ka tona kanka. So suke su ga in an zage ka a bakin aiki, hannunka zai tsaya?

Hajara:
Ni dai ka fita daga gurup ɗin WhatsApp na masu jita-jitar "an riga an raba gurabe". Kashe gwiwa kawai suke. Kuma daren jarabawa barci ya fi kwana karatu.

Sadiƙu:
Na gode ƙwarai. Malam, takardar da na rubuta damuwar, in yaga ta ko in ajiye?