Yaushe babur zai kamo motar?

Ɗaliba: Jama'a ku taimaka. Mota na gudun mita 20 a sakan, gudunta ba ya sauyawa. Ta wuce babur a tsaye, nan take ya tashi, gudunsa na ƙaruwa da mita 4 a sakan kowane sakan. Ni sakan 5 na samu, malaminmu ya ce 10.

Malamin lissafi: 'Yata, gudunsu kika daidaita. A sakan 5 gudunsu ya zo ɗaya, amma motar na gaba da mita 50. Nisan da suka ci za ki daidaita, na motar da na babur: 20t = ½ × 4 × t² (t shi ne lokaci a sakan). Sai t = 10, a mita 200.

Wani ɗalibi: Lokacin ma babur na gudun 40, ninkin na motar.

Ɗaliba: Na gode, Malam. To da ya jinkirta sakan 2 fa?

Malamin lissafi: Lokacin babur ya zama (t − 2). Gwada ki turo.