Neman kalma: wane suna za mu ba magungunan "stimulant" da Hausa?

Malamai da 'yan uwa masu harkar fassara, na zo muku da wata kalma da ta hana ni sakat. Ina fassara takardar bayani ga iyayen yara masu larurar ADHD, sai na ci karo da stimulant, sunan rukunin magungunan da aka fi ba su. Ita larurar ba ta wahalar da ni ba. Na rubuta "larurar ƙarancin natsuwa da yawan motsi", na guji "ƙiriniya" da "rashin ji" domin su zargi ne, ba sunan ciwo ba. Maganin ne ya tsaya mini a rai.

Abin da ya fara zuwa bakina shi ne "mai ƙara kuzari". To amma ku dubi uwar da ɗanta ba ya iya zama wuri ɗaya na minti biyar, a miƙa mata takarda an rubuta maganin ƙara kuzari. Kuzarin ne ya yi wa ɗanta kaɗan? Ban da haka, kunnenmu ya saba jin wannan suna a kan ƙwayoyin da ake sha don a yi aikin ƙarfi ba gajiya. Ko dai ta ƙi maganin gaba ɗaya, ko wani a gidan ya ga ai shi ma zai amfana.

Mamakin uwar nan kuwa daɗaɗɗe ne. A 1937 wani likita a Amurka, Charles Bradley, ya ba yara 30 masu matsalar ɗabi'a maganin Benzedrine, ɗaya daga cikin wannan rukuni na stimulant, sai ya ga kusan rabinsu sun duƙufa ga karatu fiye da da, wasu masu yawan hayaniya kuma sun lafa. Daga baya aka gane dalili. Waɗannan magunguna, wato dangin metilfenidet irin su Ritalin da Concerta, da dangin amfetamin irin su Adderall, suna ƙara yawan sinadaran dofamin da noradirenalin da ke kai saƙo tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, har da sashen gaban kai mai kula da tsara aiki da kame kai. Idan yaron doki ne mai ƙarfi, maganin ba dokin yake ingizawa ba. Mahayin da ya yi gyangyaɗi yake tayarwa, ya riƙe linzami da kyau.

Wani malamina da na tuntuɓa ya ce tunda sakamakon shi ne natsuwa, a ce "mai kwantar da hankali" kawai. Allah gafarta malam, a nan kam ban bi ka ba, kuma wannan ne sunan da na fi jin tsoro. Duk wanda ya ji "kwantarwa" zai kai shi layin maganin barci. Zai ba yaro da daddare, alhali da safe ko da rana ake ba da shi, kuma hana barci na cikin illolinsa da aka fi sani. Ranar da yaro ya dami gida, zai ƙara masa ƙwaya ɗaya don ya kwanta. Ƙarin da likita bai rubuta ba kuwa bugun zuciya yake ƙarawa, da hawan jini, da fargaba. Sunan da zai sa uba mai son ɗansa ya yi haka bai cancanci shiga takarda ba.

"Maganin tattara hankali" ya fi daɗi a kunne, kuma ya faɗi amfanin daidai. Na so shi ƙwarai. Abin da ya raba ni da shi ɗalibai ne: lafiyayyen saurayi mai jarrabawa gobe ya ji wannan suna, ai an yi masa talla. Ga shi metilfenidet da amfetamin duka suna cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa tsauraran ƙa'idoji, saboda ana iya kamuwa da jarabarsu idan aka sha ba bisa ƙa'ida ba. A ce "maganin ADHD" a huta ma bai fitar da mu ba, don akwai atomoksetin da ake bayarwa saboda larurar, shi kuwa ba ɗan wannan rukuni ba ne, sai ya yi makonni kafin a ga aikinsa.

Na tsaya a kan "maganin zaburar da ƙwaƙwalwa". Ya faɗi inda aikin yake, ƙwaƙwalwa, ba gaɓɓai ba. Kuma iyaye za su iya hango ƙa'idojin daga cikin sunan. Abin da ke zaburarwa ba a kai shi kusa da lokacin barci. Ba abin mamaki ba ne ya taɓa zuciya, shi ya sa likita ke tambayar ko akwai ciwon zuciya a dangi kafin a fara, ya riƙa duba bugun zuciya da hawan jini bayan an fara. Yana rage cin abinci, don haka ake auna nauyin yaro da tsayinsa a kai a kai. Ana somawa da kaɗan, likita ya ƙara a hankali.

Na nemi gajeriyar siga, na gwada "zaburau" a kan ƙirar mantau da gagarau, sai na ga wanda ke zabura yake nufi, wato yaron zai koma wa laƙabi. Na janye shi nan take. "Mazaburi", a kan ƙirar mabuɗi, ya fi tafiya da nahawu, sai dai ban tabbata zai zauna a bakin ma'aikaciyar jinya ba.

Ga yadda jimlar ta fito a takardata, ku gwada ta da ƙarfi a bakinku: "Wannan maganin zaburar da ƙwaƙwalwa ne. Mai gajeren aiki yakan yi awa 3 zuwa 4, mai dogon aiki yakan kai awa 12, kuma irin Concerta haɗiye shi ake yi ɗungum, ba a taunawa, ba a dakawa. A adana shi inda yara ba sa kaiwa, kada a ba wanda ba shi aka rubuta wa ba." Likitoci da masu harhaɗa magunguna da ke cikinmu, ku da kuke fuskantar iyaye kullum, idan kuka faɗi "zaburar da ƙwaƙwalwa" a gaban uwa, me kuke ganin za ta fara tambaya?