Wani fari-fari a ganyen kubewa da kurzet, mi ne maganinshi?

Maman Hadiza, Tawa
Salamu alaikum ƴan uwa. Don Allah masu sanin garka ku taimaka min. Ina da ƴar garka bayan gida, kubewa da kurzet (wata irin ƴar kabewa) da ɗan tumati, to tunda sanyin ga ya shigo ganyen kubewar ya fara wani fari-fari kamar an barbaɗa mishi garin masara. Maigida ya ce ƙurar hunturu ce munka wanke da arozuwar amma abun ya dawo har ya kama kurzet ɗin, ganyen ƙasa duk sun yi ɗorawa suna bushewa. Ni ko ban son in fesa magani mai ƙarfi ga abin da yara ke ci. Mi kunka gani?

Ɗan Galmi
Wa alaikumus salam hajiya. Toka kawai, ki barbaɗa da sassafe. Haka munka taso munka ga ana yi.

Isufu Yamai
Ɗan Galmi toka ta fi amfani ga ƙwari, wannan ko ba ƙwaro ba ne, naman gwari ne, malaman gona suna ce mishi oyidiyom. Iska ke ɗaukar ƙwayoyinshi daga ganye zuwa ganye, kuma abin da ke ruɗe mutane shi ne baya buƙatar ruwan sama, yanayin da yake so shi ne irin na yanzu, rana ba zafi sosai wajen digiri 20 zuwa 27, dare da sanyi da ɗan raɓa, ga inuwa ga shuka a cunkushe. Shi ya sa daga Disamba zuwa Fabrairu za ki ga yana cin kubewa da kabewa da kokombar da kankana, in zafin Afrilu ya kama ya haura 35 sai ya lafa da kanshi, amma kafin nan ai ya gama da ke.

Hajiya fara da cire ganyen da suka kamu sosai, ki sa a leda ki fitar, kar ki zube su gindin shuka ko cikin taki. In shukar ta yi yawa ki rage ta iska ta riƙa ratsawa. Sannan ki samu bikarbonat irin na kek, ƙaramin cokali ɗaya wajen giram 5 cikin litir ɗaya na ruwa da ɗan sabulu kaɗan don ya kama ganye, ki fesa sama da ƙasan ganye da marece, duk mako. Kar ki ƙara yawan bikarbonat ɗin wai don ya yi saurin aiki, ƙone ganye yake. Wasu madara suke sawa, kofi 1 cikin kofi 9 na ruwa, tana aiki ga kurzet. Sai dai ki sani ganyen da ya riga ya yi fari ba zai warke ba, sabbin kike tsarewa.

Ki leƙa tumatin ma, shi a sama tabo ɗorawa kawai za ki gani, farin yana ɓoye a ƙasan ganye.

Malam Sani, Ƙonni
Gaskiya Isufu ya faɗi. Ni dai abin da na fi yarda da shi farar wuta, ita ce maganinshi tun da daɗewa, ana samu wurin masu saida maganin gona. Amma hattara, in zafi ya wuce digiri 30 kar ki fesa, musamman ga kurzet da kokombar, kuma in kin sa man bedi ki bari mako 2 tsakani kar su haɗu. Sannan in kina zuba takin zamani na ire ki rage, ganyen da ya ƙoshi da ire ya yi laushi shi cutar ga ta fi so. In kina shakka ki ɗauki hoto ki tura ma ƴan RECA, ƙungiyar majalisun manoma ta Nijar, suna amsa manoma da Hausa.

Maman Hadiza, Tawa
Allah shi saka da alheri. Ire kam maigida na zubawa ba kaɗan ba. To kubewar da ta riga ta yi ɗiya fa, ana iya ci?

Isufu Yamai
Ƙwarai hajiya, ki wanke ki yi miyarki, ganye yake wahalarwa. In kin kai ga farar wuta ne ki dubi kwanakin jira da ke rubuce jikin ledar maganin kafin ki tsinka.