Sunayen alhazai suna rikicewa a manhajata, in bar Python ne?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina taya kawuna aiki a masaukin alhazai a Misfala, nan Makka. Na rubuta 'yar manhaja da Python (harshen rubuta manhaja), mai riƙe sunayen baƙi da lambar ɗaki da ranar tashinsu. A kwamfutata komai lafiya, amma da zarar kawu ya buɗe fayil ɗin CSV (jadawalin sunayen da manhajar ke fitarwa) a Excel, sai ƙ da ɗ da duk rubutun Larabci su koma wasu alamomi marasa kan gado. Abokina ya ce laifin Python ne, in koma wani harshen, Go. Ga Hajji ya matso, kawu har ya fara cewa a dawo wa littafi da biro. Don Allah ku ba ni shawara.

Ɗalibi a Madina: Wa alaikumus salam. Ni dai Go nake so. Cikin waɗanda suka ƙera shi a Google akwai Ken Thompson da Rob Pike, su ne kuma suka tsara UTF-8, tsarin ajiye haruffan kowane harshe a kwamfuta, a 1992. Ga shi Go yana kama maka kuskure tun kafin manhajar ta tashi.

Injiniya a Jidda: Ƙanena, kada ka taɓa harshen. Gaskiya ne abin da ɗan'uwa ya faɗa game da Go, amma ko da shi ka rubuta, haka Excel zai yi maka. Python 3 tun fitowarsa a 2008 yake riƙe rubutu da Unicode, ma'aunin da ya bai wa kowane harafi lambarsa, ƙ da ɗ ba su dame shi ba. Excel ne ba ya gane fayil na UTF-8 ne sai ya ga wata alama a farkonsa, ana ce mata BOM. Wajen ajiye fayil ɗin, canza utf-8 zuwa utf-8-sig. Raina yana ɓaci in na ga an tura mai koyo sabon harshe kan gyaran layi ɗaya, lokacin aiki kuma ya ƙurato.

Wata 'yar'uwa a Riyad: Malam, ka sa aikin a Git, manhajar da ke adana tarihin gyare-gyarenka, tun yau, kafin ka taɓa komai. In gyara ya ɓaci sai ka koma na jiya.

Mai tambaya: Alhamdu lillahi! Yaya, na canza, sunayen sun fito daidai, Ɗanladi da Larabcin duka. Allah ya saka da alheri. Kawu ya ce yanzu a sa masa kwanan watan Hijira, na Ummul Ƙura, kalandar Saudiyya. Ta ina zan fara?