Gidan gado ne kuma awon igiya: me zan bincika kafin in biya kuɗi?

Malamin Sakandare ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a kan wani gida mai ɗaki uku da falo da aka yi mini tallarsa a yankin Ɗorayi da ke Kano. Dillalin ya ce gidan gado ne, babban ɗan marigayin ne ke sayarwa a madadin 'yan'uwansa, kuma filin awon igiya ne, babu shaidar mallaka ta gwamnati sai takardar cinikin da mahaifinsu ya karɓa lokacin da ya sayi wurin. Yana matsa mini in ba da kafin alƙalami cikin makon nan, wai akwai wani mai saye da ke jira. Wani ɓangare na kuɗin tarawa na yi, ragowar kuma rance nake son nema. Me ya kamata in tabbatar tukuna?

Lauya Mai Zaman Kansa ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. A ganina maganar gadon ta fi ta takarda haɗari, domin girman shekaru bai ba babban ɗa ikon sayar da rabon ƙannensa ba. Ka fara da tambayar ko an raba gadon. Idan kotun shari'ar Musulunci ce ta raba, a nuna maka takardar hukuncin, ka ga wanda gidan ya faɗa wa, ko kuwa umarni aka bayar a sayar a raba kuɗin. Idan ba a raba ba, to kowane magaji sai ya sa hannu da kansa a gaban shaidu: matan marigayin da ke da tumunin takaba, da 'ya'ya matan da ke gidajen aurensu, waɗanda su aka fi mantawa da su kuma su ne ke zuwa kotu daga baya. Rabon marayu ƙanana kuwa kada ka yarda a sayar maka ba da izinin alƙali ba. Ka kuma sani cewa a mazhabar Malikiyya, idan ɗaya daga cikin masu tarayya ya sayar da kasonsa a gidan da ba a raba ba, sauran suna da haƙƙin shuf'a, wato su biya ka abin da ka biya su karɓi kason. Sannan ka bincika ko marigayin ya bar bashi ko ya jinginar da gidan, tunda ana biyan bashi ne kafin a raba gado.

Dangane da takarda, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma shaidar mallakar da ake bayarwa don gidan zama yawanci ta shekara 99 ce. Ka ɗauki mai safiyo ya auna wurin, ka kai awon ga KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye a jihar Kano, a duba ko filin ya faɗa cikin wanda gwamnati ta riga ta ware ko ta ba wani. Sa hannun mai unguwa da dagaci yana da amfani wajen shaida, amma ba ya maye gurbin wannan binciken. Batun mai sayen da ke jira kuwa, tsohon zancen dillalai ne.

Tsohon Magini ya amsa:

Malam, lauya ya gama da takardu, ni kuma zan yi magana a kan ginin. Gidan da aka yi wa sabon fenti dab da sayarwa ka ƙara sa masa ido. Ka duƙa ka shafa gindin bango: idan filasta tana kumbura tana zubar da farin gari kamar kanwa, danshi ne ke hawowa daga ƙasa, kuma fenti ba ya maganinsa. Ka ɗaga kai ka nemi tabon ruwa a silin, ka ƙarci bulo da ƙusa a inda ba a shafe ba ka ga ko yana rududdugewa, ka auna tazarar rijiya da masai. In da hali ka ga layin bayan an yi ruwan Agusta. In kuwa da rani ne, ka tambayi maƙwabta da mai shagon bakin layi inda ruwa ke kaiwa, ka kuma duba ko tsakar gidan ta fi titi ƙasa.

Ka je KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ka tabbatar ginin bai ci hanya ko magudanar ruwa ba, bai kuma shiga ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki ba. Rusau ɗin da aka yi a Kano a 2023 ya taɓa har da masu riƙe da takardu, balle mai awon igiya. Kada ka manta da bashin kamfanin wutar lantarki na KEDCO da ke kan mitar gidan, a cire shi daga kuɗin ciniki.

Ma'aikaciyar Gwamnati ta amsa:

Malam, game da rancen, asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cire wa ma'aikata kashi 2.5 cikin 100 na albashi dominsa, yana ba da rance a kan ruwa kashi 6 har zuwa shekara 30. Mai gudun kuɗin ruwa kuma yana iya tuntuɓar bankunan Musulunci irin su Jaiz. Sai dai duk cikinsu jingina suke buƙata mai ingantacciyar takarda, saboda haka da wuya su karɓi gidan da ba shi da shaidar mallaka. Ka tanadi kuɗin la'ada da na lauya da na safiyo daban, kuma ka biya ta banki zuwa asusun da magada suka amince da shi a rubuce, ba ta hannun dillali ba.

Malamin Sakandare ya sake rubutawa:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Na tambaya an ce ba a je kotu ba, kuma ɗaya daga cikin 'ya'ya matan tana aure a Maraɗi. Yallaɓai lauya, shin amincewarta ta wayar tarho ta wadatar?

Lauya Mai Zaman Kansa ya amsa:

Ba ta wadatar ba, Malam. Ko dai ta zo ta sa hannu, ko ta aiko da wakilci a rubuce mai shaidu, wanda ya ambaci gidan da kuma farashin da ta yarda a sayar da shi.